Na yi musu bazata a ƙarshen littafi, sun ce in mayar musu da kuɗinsu

Ummu Haidar: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da kuka na zo. Wata huɗu ina taifin littafi, shafi 62, ashirin na farko kyauta, sauran a guruf na kuɗi, naira 500. Shekaranjiya na saki shafin ƙarshe, kuma tun daga lokacin wayata ba ta huta ba. Wata ta ce na raina musu hankali, mutum biyu sun ce in mayar musu da kuɗinsu, wata ta fice ba ko sallama. Labarin wata amarya ce, Safiyya. Wani ne yake ta turo wa mijinta saƙonni da baƙuwar lamba, gaskiya da ƙarya a cakuɗe, har aure ya mutu. A shafi na 60 aka gano mai turowar: ɗan kawun mijin ne da ya taɓa nemanta aka hana shi, ya tafi Libiya, ya dawo a ɓoye. Ko mutum ɗaya ba ta canka ba. To ba bazatar ake nema ba? Ina laifina don Allah?

Baban Zahra: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari. Tambaya ɗaya: ɗan kawun nan, a shafi na nawa aka fara jin sunansa?

Ummu Haidar: A na 58, Yaya.

Baban Zahra: Tabɗijam.

Maman Ikram: Ƙanwata, ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai nake yi, kuma kuɗin cefane nake gutsura in saya. Ki bari in faɗa miki yadda abin yake a wajenmu. Mutum ya yi wata huɗu yana bin sawun kowa a gidan nan, yana zargin uwar miji, yana zargin 'yar aiki, yana lissafin wa ya ari cajar waya, wa ya shiga ɗaki, sai ranar ƙarshe a ce ai ɓarawon ma ba ɗan unguwar ba ne, jiya ya sauka a tasha. Ba mamaki ake ji ba, haushi ake ji.

Ɗan Fagge: Ni fa ban ga abin tada jijiyar wuya ba. Haka rayuwa take. Sau nawa mutum yake zargin na kusa da shi, ashe wani can ne da ya manta da shi? Wanda ya yi ya manta, wanda aka yi wa bai manta ba. Marubuciya ta kwaikwayi rayuwa kuma a ce ta yi laifi? Littafinta ne, ita ta san inda za ta ajiye shi.

'Yar Mutan Gumel: Littafinta ne, amma kuɗinsu ne.

Ɗan Fagge: Kuɗin karatu suka biya, ba kuɗin zaɓar ƙarshe ba.

Malam Na Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ku ba tsoho wuri ya sa baki. Ɗan Fagge, ka yi wasan ƙulin ƙulifita kana yaro? In na ce maka shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, ka yi ta lalube ka kasa, ka ba ni gari, sai in ce tsintsiya. Me kake yi a lokacin? Dariya kake yi, ka dafe kai ka ce ai kuwa! Ga ta can jingine a bakin ƙofa, kullum kana tsallake ta. Daɗin wasan ke nan: amsar tana gabanka tun farko, idonka ne bai kai ba. To ka ɗauka bayan ka ba ni Kano da Katsina, sai na ce maka amsar ita ce wani kifi da ke tekun Sin wanda ba ka taɓa jin sunansa ba. Za ka sake ba ni gari gobe?

Maganarka ta rayuwa gaskiya ce, amma rayuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Mai labari kuwa, ranar da ya ce wani yana turo saƙo ba a san ko wane ne ba, ya ƙulla alkawari da mai karatu cewa mutumin yana cikin waɗanda za a nuna masa. Shekara da shekaru ina koyar da adabi a sakandare, abin da nake gaya wa ɗalibai ke nan: in kun kai ƙarshen labari kun yi mamaki, ku koma farko ku sake karantawa. In kun ga sawun abin a warwatse tun daga shafukan farko, marubucin gwani ne. In kun duba ba ku ga komai ba, damfarar ku ya yi.

Ɗan Fagge: Malam, Allah ya ƙara girma, kalmar damfara ta yi nauyi.

Malam Na Tudun Wada: To na janye ta, a sa wayo. 'Yata Ummu Haidar kada ki ji zafi.

Ummu Haidar: Ba komai Baba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma in na zuba alamu tun farko ai za su gano. Masu karatun yanzu kamar 'yan sandan ciki suke. Ka saki shafi ƙarfe takwas, kafin tara sun yi masa filla-filla a sharhi.

Abu Sadik: To in sun gano sai me? Anan nake ganin muke cakuɗa abu biyu, bazata da jan rai. Akwai misalin da Alfred Hitchcock, mai shirya finafinan nan ɗan Ingila, ya bayar a hirarsa da takwaransa ɗan Faransa, François Truffaut. Mutum biyu suna zaune suna hira, bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu. Mai kallo ya razana na daƙiƙa 15, shi ke nan. Amma a ce an nuna wa mai kallo lokacin da aka dasa bam ɗin, ya san ƙarfe ɗaya zai tashi, ga agogo a bango yana nuna ɗaya saura kwata. Hirar banzan da suke yi sai ta zama abin da ba ka iya ɗauke ido a kanta, ka yi minti 15 zuciyarka a wuya. Wato sanin da mai kallo ya yi shi ne ya riƙe shi. Mu kuwa kullum ɓoyewa muke yi, muna ganin in mai karatu ya san wani abu ya kuɓuce mana.

Gwaggo Mai Alƙalami: Ɗana Abu Sadik, ka je har Ingila ka ɗauko abin da yake a tsakar gidanku. Wace yarinya ce aka yi wa tatsuniyar Gizo ba ta san ƙarya yake yi ba? Kowa ya sani tun daga ga ta nan ga ta nanku. Abin da ke hana yara barci shi ne yaushe asirinsa zai tonu, kuma ta ina zai zille.

Bari in nuna muku a aikace, don ni bayani ba ya shiga kaina sai na ga abu. Ga yadda yawancinku kuke rubutawa: Amarya ta sha kunu, ta faɗi tana shure-shure, aka kwasa sai asibiti, likita ya ce guba ce. Kowa ya yi salati, a wuce.

Ga nawa. Uwargida ta shiga kicin, ta kwance ƙullin leda daga bakin zaninta, ta zazzaga a kofin silba mai murfi, wanda kowa ya san na amarya ne. Ta juya da ludayi, ta rufe, ta ajiye a kan tabarma a inuwar darbejiya, ta koma ɗaki ta saki labule ta bar 'yar kafa. Amarya ta fito, ta ɗauki kofin, ta buɗe, sai aka yi sallama a zaure, mai kitso ce. Ta ajiye ta tafi. Iska ta kaɗa murfin. Sai ga Abba, ɗan uwargidan na cikinta, ɗan shekara uku, ya taso daga barci yana murza ido, yana cewa Umma yunwa. Ya hangi kofi. Uwar tana bayan labule tana kallo. In ta yi ihu ta tona kanta, in ta yi shiru...

To nan zan ajiye alƙalami in ce mu haɗu gobe. Ban ɓoye muku komai ba. Wa zai yi barci?

'Yar Mutan Gumel: Gwaggo don girman Allah ya sha ko bai sha ba??

Gwaggo Mai Alƙalami: Turo 500.

Baban Zahra: Hahaha! An kama ki 'yar Gumel. Amma ku lura da wani abu da Gwaggo ta yi. Da Abban maƙwabta ne ya fito, da tsoron bai kai haka ba. Nata ne. Bazatar tana nan, don ba wanda ya zaci yaron zai fito, amma ba daga sama ya faɗo ba, ɗan gida ne, kuma yaro ya tashi barci da yunwa ba abin mamaki ba ne.

Ɗan Fagge: Na yarda da wannan. Sai dai har yanzu ina nan kan bakana cewa ba kowane labari ne kacici-kacici ba. Wani labarin ƙaddara yake son nunawa, abin da ya fi ƙarfin dabarar mutum.

Malam Na Tudun Wada: Haka ne, kuma ba a hana ba. Mota za ta iya kashe tauraro a shafi na 10, labari ya ɗora daga nan. Ƙaddara ta jefa mutane cikin matsala, mai karatu zai karɓa. Abin da ba ya karɓa shi ne marubuci ya ƙulla ƙulli da hannunsa, ya kasa kwancewa, sai ya kira ƙaddara ta zo da almakashi.

Maman Ikram: Ko boka. Ko aljani. Ko mafarki! Wallahi duk wadda ta sake sa ni karanta shafi 80 sannan ta ce firgigit ta farka ashe mafarki take, ni da ita har abada.

Admin: Maman Ikram a sassauta, kada a kama suna dai.

Maman Ikram: Ban kama ba, Admin. Sun san kansu.

Oum Nabila: Ni matsalata daban ce, tunda an taɓo mu haɗu gobe. Ka san dole shafin kyauta na ƙarshe ya tsaya a inda mutum zai ji ba zai iya haƙura ba, in ba haka ba wa zai biya? To ni kowane shafi sai na nemi abin da zan katse a kai, har na gaji. Jiya na ƙare da aka turo ƙofa da ƙarfi, ta ɗago a razane. Yau na zauna ci gaba, ni kaina ban san wa ya turo ƙofar ba.

Gwaggo Mai Alƙalami: Sai ki ce 'yar aiki ce ta kawo abinci, ko? Na san halinku. Ki yi haka sau uku, na huɗu ko gobara kika ce ta tashi ba mai motsawa.

Wannan katsewar ba ku kuka fara ta ba. Mu da muka yi rubutu lokacin da ake buga littafi kashi na ɗaya, na biyu, na uku ana kai wa 'yan littattafai a kasuwa, da ita muka ci abinci. Ka ƙare na ɗaya a inda yarinya za ta hana ɗan'uwanta sakat sai ya je ya samo mata na biyu, ko saye ko haya. Amma mun san in na biyun ya fito ba a biya bashin da aka ci a na ɗaya ba, na uku a shago zai kwana. Ƙofar da kika turo bashi ce, 'yata. Wanda zai shigo dole ya canza wani abu a labarin, ko da kaɗan ne.

Kuma ba sai da ƙofa da ihu ba. Katsewar da ta fi kama ni ita ce mace ta ga abu ta yi shiru. Ta ɗauki rigar miji za ta wanke, ta laluba aljihu, ta ciro takardar asibiti da sunan wata, ta ninke ta mayar, ta kai masa ruwan wanka tana murmushi. A tsaya nan.

Malam Na Tudun Wada: Hajiya ta tuna mini da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Ku duba yadda aka gina littafi na ɗaya. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, ana son Musa ɗan Sarki ya fita daga gida, aku kuma ba shi da makami sai baki. Yana ba da labari yana jan lokaci har gari ya waye. Mai karatu ya san abin da ke jiran yaron a waje, shi ya sa kowane labari yake da nauyi biyu: kana jin daɗinsa, kana kuma addu'ar kada ya ƙare da wuri. Haka Dare Dubu da Ɗaya, mai ba da labarin ranta ne a kan katsewar. Su jan ransu yana da dalili a cikin labarin. Namu na yanzu sau da yawa dalilin yana asusun banki.

Oum Nabila: Baba ai data ba kyauta ake ba mu ba.

Malam Na Tudun Wada: Ban ce kada a ci abinci ba, 'yata.

Auta: Ni sabuwa ce, a yi mini afuwa. Gajeren labari nake gwadawa irin na gasar Hikayata ta BBC Hausa, kalma 1,000 zuwa 1,500. A wannan ɗan wurin ina mutum zai samu filin shuka alamu?

Abu Sadik: Alama ɗaya ta isa, Auta, in kin saka ta inda ido zai gani amma hankali yana wani wuri. Ki faɗe ta a tsakiyar rigima, ko cikin jerin abubuwa uku, ta zama ta biyu. Kuma ki fara sanin ƙarshenki kafin ki rubuta layin farko. Gajeren labari daga baya ake gina shi.

Ummu Haidar: Jama'a tun ɗazu ina karantawa na kasa magana. Bari dai in faɗi gaskiya, don ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. Ba ɗan kawun ba ne a tsarina na farko. Rabi ce, aminiyar Safiyya. Tun kafin in fara na tsara haka, kuma na shuka alamun. Ita kaɗai ta raka ta asibiti ranar da aka yi maganar da ta fito a saƙo na biyu. Kullum ta zo gidan sai ta ce a ara mata caja, ta shige uwar ɗaka ita kaɗai. Sannan duk saƙonnin da ake turo wa mijin, gaskia ake rubutawa babu y, kuma a shafi na 9 na nuna saƙon Rabi ga Safiyya da irin wannan rubutun. Na ji daɗin wannan dabarar har na kasa barci ranar da ta zo mini.

Sai a shafi na 31 wata mai suna Mrs A. ta yi sharhi mai tsawo, ta jero su duka ukun, ta ce Rabi ce, in ba ita ba ce a canza mata suna. Guruf ya ɗauka. Kowa Rabi, Rabi. Na ji kamar an yi mini tsirara a kasuwa. Na ce wallahi sai na ba su kunya. Shi ne na ƙirƙiro ɗan kawu.

Baban Zahra: Innalillahi. Ashe ke kika kashe littafinki da hannunki.

Gwaggo Mai Alƙalami: Kayya, 'yata. Mace ta zauna ta haddace littafinki har ta lura da harafi ɗaya da ya ɓace, ke kuma kika ɗauke ta abokiyar gaba? Ni a zamaninmu sai wasiƙa ta yi wata a hanya kafin in san ko an karanta. Da kin bar su da Rabinsu. Daga 31 zuwa 60 suna kallon Safiyya tana kai wa Rabi kuka, tana kwana a kafaɗarta, tana ba ta sabon sirri, su kuma suna ihu a sharhi kada ki faɗa mata! Ga kofin kunu an ajiye miki a tabarma, kika sa ƙafa kika zubar.

Malam Na Tudun Wada: An canki tsintsiya, sai kika ce a'a kifi ne.

Ɗan Fagge: To ni ma na sauka daga kan bakana a wannan. Na zaci tun farko haka ta tsara. Amma ina da tambaya: in duk sun san Rabi ce, ina bazatar ƙarshe? Haka za a tafi salin alin?

Abu Sadik: Sun san wa, ba su san don me ba. Nan za ta ajiye ta. Ko kuma yadda Safiyya za ta gane, da abin da za ta yi in ta gane. A ce ta riga ta gane tun shafi na 50 ta yi shiru, ta ba Rabi sirrin ƙarya don ta ga ko zai fito a saƙo, kuma mai karatu bai san ta gane ba sai da ya fito. Ka ga an yi wa masu cankar bazata ta inda ba su tsaro ba, kuma ba a ƙwace musu nasararsu ba.

Ummu Haidar: Wayyo Allah, Yaya Abu Sadik, ina ka shige tun watan jiya? Dalilin ma ina da shi. A shafi na 4 na faɗa cewa Rabi ce mijin ya fara gani a wajen biki kafin Safiyya, layi ɗaya ne, ba wadda ta kula. Yanzu ya zan yi? In goge daga 58 in sake, ko in bar shi in kiyaye gaba?

Oum Nabila: Ki sake. Ki ce musu ga asalin ƙarshen, kyauta ga duk wadda ta biya. Masu neman kuɗinsu ki mayar musu, dubu ɗaya ce.

'Yar Mutan Gumel: Daga 58 ba zai isa ba. Duk inda kika fara karkatar da labarin don ki wanke Rabi bayan 31 sai kin bi kin gyara.

Ummu Haidar: Haka ne, akwai wajen da na sa ta yi tafiya Zariya don kawai a ce ba ta gari lokacin da saƙo ya shigo. Aiki ja.

Baban Zahra: Ku tsaya. Na koma sama ina sake karanta hirar nan, kamar yadda Malam ya ce a riƙa yi. Maman Ikram, tun da safe kika ce ana lissafin wa ya ari cajar waya. A lokacin Ummu Haidar ba ta ambaci caja ba, sai yanzu da yamma. A ina kika san da ita?

Maman Ikram: Baban Zahra kai ma ɗan sandan ciki ne ashe.

Ummu Haidar: Anti??

Maman Ikram: Sunan maigidan Abdullahi, da ɗaya layin nawa nake sayen littafi. Kin sa an yi sati ana kira na Mrs Kuskure a guruf ɗinki, ƙanwata, har da masu tambaya wane suna za a canza mini. Ba na cikin masu neman 500, ki riƙe abarki. Rabi nake jira. Kuma in kin zo gyara kada ki taɓa shafi na 9, ki bar gaskia yadda take.